Wai da gaske Amurka ce ta ci Yaƙin Duniya na Biyu, ko masu fim ne suka ci mata?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ya daɗe yana damuna. Duk fim ɗin yaƙi da mutum zai kalla sai ka ga Ba'amurke ya diro bakin teku ya fatattaki sojojin Hitila shi kaɗai kamar babu kowa a duniya sai shi, alhali yaƙin nan tun 1939 aka fara shi kuma Amurka ba ta shigo ba sai ƙarshen 1941, fiye da shekara biyu ana gwabzawa tana gefe tana cinikin kaya. To don Allah ta yaya wanda ya zo a makare zai ce shi ya ci yaƙi? Malamai a warware mana.

Basakkwace:
Wa alaikumus salam. Ai ba ta ci komi ba ɗan'uwa, Rasha ta yi aikin ga. Mutum wajen miliyan 27 Tarayyar Sobiyet ta rasa, Amurka ko 400,000 da 'yan kai. Kai auna da kanka. Mafi yawan sojan Jamus da anka kashe can gabas anka kashe su, ba Faransa ba.

Malamin Samaru:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Basakkwace lissafinka na gawa daidai ne ban ja ba, amma yaƙi ba da yawan gawa ake cinsa ba, in da haka ne da Sin ma ta fi Amurka da Ingila a haɗe don ita ma miliyoyi ta binne a hannun Japan.

Ɗan Fagge kuma maganar tana gefe, e tana gefe amma ba hannu rabbana ba. Tun watan Maris 1941 majalisarsu ta yi dokar ba da aron kayan yaƙi, Shugaba Roosevelt ya riƙa tura wa Ingila jirage da abinci da mai, da Jamus ta afka wa Rasha a watan Yuni ita ma aka sa ta a layi. Kafin a gama yaƙin kayan da suka fita ta wannan hanya sun kai na dala biliyan 50. Abin da ya hana shi shiga da soja tun farko mutanensa ne, ba sa so, sun ga abin da yaƙin farko ya jawo kuma ga talaucin shekarun 1930 bai gama sakinsu ba. Sai da Amurka ta toshe wa Japan man fetur a tsakiyar 1941 saboda mamayar da take yi a Asiya, Japan ta ga in ta zauna tankinta zai bushe, shi ne ranar 7 ga Disamba 1941 da safiyar Lahadi ta kai hari Pearl Harbor a Hawai, aka kashe Amurkawa kusan 2,400, jirgin ruwa ɗaya kawai mai suna Arizona ya tafi da mutum sama da 1,100. Washegari majalisa ta ayyana yaƙi da Japan. Kuma ku lura, Hitila ne da kansa ya fara ayyana yaƙi a kan Amurka ranar 11 ga wata, ya sauƙaƙa wa Roosevelt aikin da ya rasa yadda zai yi.

Ɗan Fagge:
Malam ni fa na ji an ce Roosevelt ya san za a kai harin ya ƙyale don ya samu hujja. In ba haka ba me ya sa jiragen dakon jiragen sama ba sa tashar ranar?

Malamin Samaru:
Wannan magana tun ana cikin yaƙin ake yaɗa ta. Sun san Japan na shirin wani abu, amma hankalinsu ya fi karkata Filifin da Malaya. Biyu daga cikin jiragen dakon sun tafi kai jiragen sama tsibiran Wake da Midway ne, na ukun yana can gaɓar Amurka. Sannan a lokacin manyan hafsoshin ruwa jiragen igwa suke ɗauka a matsayin ƙashin bayan runduna, ba shugaban da zai ba da su a nutsar don neman hujja.

Tsohon Soja:
Ku bari in sa baki a inda na ɗan sani. Yaro kar fim ya ruɗe ka, sojan Amurka da ya fara haɗuwa da Jamusawa kashi ya sha. Sun sauka Maroko da Aljeriya ranar 8 ga Nuwamba 1942, can ma da sojojin Faransa na gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus suka fara musayar wuta na 'yan kwanaki. Da suka matsa Tunusiya, watan Fabrairu 1943 kwamandan Jamus Rommel ya tare su a mashigar Kasserine ya yi musu dukan kawo wuƙa, suka bar tankoki da motoci suka ja da baya. Abin da ya burge ni shi ne abin da ya biyo baya, nan take aka cire kwamandan aka kawo Janar Patton, aka gyara yadda igwa da jiragen sama ke aiki da sojan ƙasa, zuwa watan Mayu sojojin Jamus da Italiya wajen 250,000 suka miƙa wuya a Tunusiya. Daga nan Sisili a Yuli, sai Italiya kanta inda duwatsu da taɓo suka riƙe su wata da watanni, ba su shiga Rum ba sai 4 ga Yuni 1944, kwana biyu kafin sojojin ƙawance su sauka gaɓar Normandi a Faransa.

Normandin ma da ake ta yi wa fim, cikin gaɓa biyar da aka sauka biyu ne na Amurka, Omaha da Utah, sauran ukun na Ingila da Kanada ne. Eisenhower ne dai babban kwamanda. Duk wanda ya taɓa sa kaki ya san harbi ba shi ne wahalar ba, wahalar ita ce harsashi da mai da abinci da takalmi su iske ka a inda kake kullum ba fashi. A nan Amurka ta fi kowa.

Injiniya:
Yauwa Baba ka taɓo inda nake jira. Ni a ganina yaƙin nan a Detroit, garin masana'antun mota na Amurka, aka ci shi ba a Normandi ba. Watan Fabrairu 1942 gwamnati ta hana ƙera motar farar hula gaba ɗaya, ka ji fa, ƙasar da ta fi kowa son mota, ba a dawo ƙera ta ba sai tsakiyar 1945, duk masana'antun suka koma tanka da jirgi da jif. Kamfanin Ford ya gina wata masana'anta a Willow Run yana haɗa jirgin bam samfurin B-24, da abin ya kankama a 1944 kusan duk awa ɗaya jirgi guda ke fitowa, jirgi mai inji huɗu fa ba keke ba. Jimillar jiragen saman da Amurka ta ƙera a yaƙin sun kusa 300,000.

Na ruwa kuma ya fi ban mamaki. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna ta nutsar da jiragen kaya a Atlantika, sai Amurkawa suka ce to bari mu gina fiye da yadda za ku iya nutsarwa. Suka daina haɗa ƙarfe da ƙusa suka koma walda, ana ƙera jirgi gunduwa-gunduwa a wurare daban a kawo a haɗa, irin jiragen da ake kira Liberty sun gina sama da 2,700, da farko jirgi ɗaya na cin wata bakwai ko takwas daga baya ya dawo kwana arba'in da 'yan kai, akwai ma wanda aka yi don nuna bajinta a tashar Henry Kaiser da ke Richmond a Kalifoniya cikin kwana huɗu da awa goma sha biyar. Wasu sun tsage a ruwan sanyi saboda matsalar ƙarfen da waldar, amma yawa ya rufe asiri.

Basakkwace:
Injiniya ƙarfe ba ya harba kansa. Wa ya tsaya Stalingrad? Wa ya shiga Balin? Ford ne?

Injiniya:
Ranka ya daɗe ba wanda ya hana Rasha Stalingrad, nata ne halak malak, kuma tankokinta T-34 ita ta ƙera abinta. Amma tambayi kanka da wace mota sojan nan ya yi tafiyar daga can zuwa Balin. Motoci wajen 400,000 Amurka ta tura musu, manya da jif, har rokokin Katyusha da suke alfahari da su da yawa a bayan motocin Amurka samfurin Studebaker aka ɗora su. Ga kan jirgin ƙasa, ga man jirgin sama, ga naman gwangwani, ga takalma. Jamus da ake ganin ta fi kowa injina mafi yawan kayan sojanta doki ke ja har ƙarshen yaƙin.

Basakkwace:
To mun ji, su sunka ba da mota, wasu sunka ba da rai. Ni dai na san wanda ya fi tsada.

Hajiya Malama:
Sannunku da fama. Tun ɗazu ina karantawa maza sai tanka da igwa kuke yi, ba wanda ya tambayi su waye ke cikin masana'antun nan bayan an kwashe maza miliyan 16 an sa musu kaki. Mata ne da yawa. Kafin yaƙin mata masu aikin albashi wajen miliyan 12 ne, kafin a gama sun kai miliyan 19, da matan aure da masu 'ya'ya, suna walda suna ɗaure ƙusoshin fukafukin jirgi, wasu 350,000 kuma suka shiga aikin sojan kansa, har da masu tuƙa sabbin jirage daga masana'anta zuwa sansani. Albashinsu dai bai kai na maza ba ko da aiki ɗaya ne, kuma ana gama yaƙi aka ce to an gode a koma kicin maza sun dawo.

Sannan cikin gida. Komai da kati. Sukari aka fara a watan Mayu 1942, rabin laba ga mutum a sati, sai kofi laba ɗaya na sati biyar, a 1943 aka ƙara nama da man shanu da cuku da kayan gwangwani, takalmi ma ƙafa uku a shekara. Kowane mutum a gida har jariri yana da ɗan littafinsa mai tambura, in mace ta je kanti kuɗi kaɗai ba ya saya mata nama sai ta yago tambari ta haɗa, ja na nama da mai, shuɗi na gwangwani, kuma tamburan suna da wa'adi in ya wuce sun mutu. Sai ta zauna da fensir tana lissafin maki kafin ta fita. Abin da ya fi tsaya min a rai kitse ne, in ta soya nama ba ta zubar da man da ya rage, sai ta tace shi a gwangwani ta tara ta kai wa mahauci ya auna ya biya ta, daga can a kai masana'anta a fitar da sinadarin yin nakiya. Safar nailan ta ɓace a kasuwa don an koma ɗinka lemar saukar sojoji da ita, 'yan mata suka riƙa zana layi da fensirin gira a bayan ƙafa don a zaci sun sa safa. Ga lambuna, bayan gida da filin makaranta da ko'ina, wajen miliyan 20, har an ce kusan kashi 40 cikin ɗari na kayan lambun da aka ci a ƙasar daga nan ya fito.

Injiniya:
Hajiya ƙara da fetur. Kuma abin dariya ba man ne ya yi ƙaranci sosai ba, taya ce. Japan ta kama Malaya da Indonesiya inda kusan duk roba ke fitowa, shi ne aka taƙaita mai don a rage gudu tayoyi su daɗe. Talaka ana manna masa takarda mai harafin A a gilashin mota, galan uku zuwa huɗu a sati, likita da ma'aikacin masana'antar yaƙi su samu ƙari, kuma aka sa doka ba mai wuce mil 35 a awa a duk ƙasar. Kafin 1944 sun kafa masana'antun robar da ake haɗawa daga man fetur sun rufe gibin.

Ɗan Fagge:
Kai jama'a wlh mutanen nan akwai bin doka. A ce galan huɗu a sati kuma kowa ya haƙura? Da a nan ne da 'yan bumburutu sun gina benaye.

Ɗiyar Damagaram:
Yaya Ɗan Fagge kar ka ba su abin da ba su da shi. Su ma sun yi bumburutun, an buga tamburan mai na jabu, an sace na gaske daga ofisoshi, mahauta na sayar da nama ta ƙofar baya sama da farashin gwamnati, hukumar ƙayyade farashi ta yi ta kai mutane kotu. Ma'aikatan kwal ma sun shiga yajin aiki a 1943 ana tsakiyar yaƙi har gwamnati ta karɓe ma'adinan.

Kuma ni Anti Hajiya ki yi haƙuri, wannan da kika lissafa ban ɗauke shi wahala ba. Rabin laba na sukari a sati wahala ce? A Leningrad ta Rasha da Jamus ta yi wa ƙawanya, ƙarshen 1941 burodi giram 125 ake ba yawancin mutane a yini kuma rabinsa ba gari ba ne. A Bengal ta Indiya 1943 yunwa ta kashe mutum miliyan biyu zuwa uku. Landan ta sha bam, Hambug ta ƙone, Warso ta zama kufai. Amurka fa? In ka cire Hawai da tsibiran Alaska, mutanen da harin abokan gaba ya kashe a cikin ƙasar su shida ne, wata mata da yara biyar a jihar Oregon a watan Mayu 1945, sun je shan iska suka tarar da wani balan-balan mai bam da Japan ta sako iska ta kawo shi. Shida. Ƙasar da rashin aikin yi ya kusa kashi 15 cikin ɗari a 1940 ya dawo ƙasa da kashi 2 a 1944, mutane da yawa a lokacin yaƙin suka fara cin abinci mai kyau suna ajiye kuɗi. Shi ya sa su suke tuna shi da daɗi.

Hajiya Malama:
Ƙanwata ban ce sun fi kowa shan wuya ba, ban ma kusa cewa haka ba. Amma uwar da aka ƙwanƙwasa mata ƙofa aka miƙo mata telegiram ba ruwanta da lissafin Leningrad. Suna rataye ɗan ƙyalle a taga, tauraro shuɗi na nufin akwai ɗa a fagen daga, in ya koma ruwan zinare an rasa shi. Akwai gida ɗaya a jihar Iowa, 'yan Sullivan, 'ya'ya maza biyar a jirgin ruwa ɗaya, aka nutsar da shi a yaƙin Guadalcanal a Nuwamba 1942 duk suka tafi.

Malamin Samaru:
Ku biyun kuna da gaskiya kuma a nan amsar Ɗan Fagge take. Ita kaɗai ce babbar ƙasar da masana'antarta ke aiki dare da rana ba mai jefa mata bam, teku biyu sun kare ta. Kuɗin ma daga aljihun mutanenta ya fito, takardun bashin yaƙi da aka sayar sun kai dala biliyan 185, kuma a 1943 aka fara cire haraji kai tsaye daga albashi kafin ya shigo hannu, masu manyan kuɗi harajin saman abin da suke samu ya kai kashi 94 cikin ɗari a 1944.

Ɗan Zango na Bronx:
Salam. Ni ina zaune a ƙasar kuma ina so in ce wani abu da ba a cika sa shi a fim ba. Sojan da ya tafi yaƙar wariyar Hitila shi kansa a ware yake, baƙi daban farare daban, bariki daban, har jinin da ake tarawa don masu rauni sai da aka raba na baƙi da na farare. Baƙaƙe sama da miliyan ɗaya sun yi aikin soja amma yawanci dako da girki da tuƙi aka ba su. Bayan Normandi da Patton ya yi gaba man ya kasa iske shi, jerin motocin da suka riƙa kai masa kaya dare da rana, wanda ake kira Red Ball Express, kusan kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙe ne. A Port Chicago kusa da San Faransisko, Yuli 1944, ana loda bama-bamai a jirgi ba horo ba komai sai gasa da hafsoshi ke sa su yi, abin ya tashi ya kashe mutum 320, 202 baƙaƙe ne, da waɗanda suka tsira suka ce ba za su koma ba sai an gyara aka gurfanar da 50 da laifin tawaye, ba a wanke su ba sai 2024. Fursunonin yaƙi na Jamus da aka kawo Amurka suna shiga gidan abinci a kudu su zauna, sojan baƙi mai kakin ƙasar a ce ya zagaya ta baya.

A cikin gari ma haka. Sai da wani jagoran ƙwadago baƙar fata, A. Philip Randolph, ya yi barazanar kwaso dubban baƙaƙe su yi maci a Washinton kafin Roosevelt ya sa hannu a 1941 cewa a daina wariya a masana'antun yaƙi. Detroit ɗin da Injiniya ke yabo, Yuni 1943 an yi tarzoma a cikinta mutum 34 suka mutu, 25 baƙaƙe. Jaridar baƙaƙe ta Pittsburgh Courier ita ta fito da kiran nasara biyu, ɗaya a waje ɗaya a gida. Ba a haɗe rundunar ba sai da Shugaba Truman, wanda ya gaji Roosevelt, ya ba da umarni a 1948.

Ɗiyar Damagaram:
Ka manta 'yan asalin Japan.

Ɗan Zango na Bronx:
Ina zuwa nan 'yar'uwa. Fabrairu 1942 Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, aka kwashe mutum wajen 120,000 daga gaɓar yamma, kashi biyu cikin uku a Amurka aka haife su 'yan ƙasa ne cikakku, aka ce kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya ɗauka, gona da shago da gida aka sayar a wulaƙance ko aka bari, aka zuba su a sansanoni goma cikin hamada da fadama da waya mai ƙaya da soja a hasumiya. Ba shari'a ba tuhuma. Kotun ƙoli ma ta goyi bayan gwamnati a 1944. Kuma daga cikin sansanonin nan aka ɗebi samari suka shiga runduna ta 442 suka yi yaƙi a Italiya da Faransa suka tara lambobin yabo fiye da kusan kowa, iyayensu na bayan waya. Sai 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu aka nemi gafara aka ba duk wanda ya rage da rai dala 20,000.

Tsohon Soja:
Allah ya kyauta. To mu ma fa yaƙin nan ya biyo ta ƙofar gidanmu, Ɗan Fagge kai da kake Kano ya kamata ka sani. Da Bahar Rum ta zama ba ta biyuwa, ta nan aka riƙa wucewa da jiragen sama zuwa Masar. Ingila ta fara, ana kawo jirgi a akwati ta ruwa zuwa Takoradi a haɗa shi ya tashi ya sauka Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, sai Sudan har Alƙahira. Daga ƙarshen 1941 kamfanin Pan American ya shigo aikin, daga baya sojan saman Amurka ya karɓa, jirage na tasowa daga Florida su bi ta Brazil su tsallako Accra su sauka Kano su wuce, wasu har Indiya da Sin. Kuma hanyar ba za ta yiwu ba da gwamnan Chadi Félix Éboué bai bi De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ba a 1940, don Nijar a lokacin tana hannun Vichy.

Mahaifina kuma yana cikin waɗanda aka kai Boma, ƙarƙashin Ingila suka yi ba Amurka ba, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ya ce a dajin nan ba hanya ba mota, a ka suke ɗaukar kaya, abinci kuwa daga sama ake jeho musu da lema, in iska ta kai buhun wajen Japanawa ranar sai haƙuri.

Malamin Samaru:
Allah ya jiƙan Baba. A ƙara da kuza, da Malaya ta faɗi aka matsa wa Jos, daga 1942 zuwa 1944 aka yi diban gwamna, ana tara talakawa daga lardunan Arewa a kai su haƙar kuza dole, sanyi da cuta suka kashe da yawa. Gyaɗa ma an matsa a noma. Labarin yaƙin kuwa a Gaskiya Ta Fi Kwabo mutanenmu ke karanta shi.

Ɗan Fagge:
Ikon Allah, filin jirgin da nake wucewa kullum. To Malam a Turai na yarda taron dangi aka yi. Japan fa?

Malamin Samaru:
Can kam a teku aikin Amurka ne mafi yawa, duk da Sin ta riƙe sojan ƙasa na Japan masu ɗimbin yawa, Ostireliya ta yi nata a Niu Gini, Ingila da Indiya da iyayenmu a Boma. Abin ya juya a Midway, Yuni 1942, wata shida kacal bayan Pearl Harbor. Amurkawa sun riga sun fara karanta saƙonnin sirrin rundunar ruwan Japan, suna ganin ana maganar kai hari wani wuri da ake kira AF amma ana gardama ko ina ne. Sai suka sa sansanin Midway ya aika saƙo a fili cewa injin tace ruwansu ya lalace, ba a jima ba suka kama Japanawa suna sanar da juna cewa AF na fama da ƙarancin ruwa. Suka yi kwanton ɓauna, Japan ta rasa jiragen dako huɗu, Amurka ɗaya. Japan ba ta iya mayar da irin wannan asara da sauri, Amurka kuwa kafin 1944 sabbin jiragen dako sai fitowa suke.

Daga nan tsibiri bayan tsibiri, Guadalcanal, Tarawa, Saipan, Filifin, suna tsallake masu ƙarfi su bar su da yunwa. Iwo Jima ɗan tsibiri ne amma Amurkawa kusan 6,800 suka mutu a kai, cikin Japanawa wajen 21,000 kaɗan ne aka kama da rai. Okinawa ta fi muni, Amurkawa sama da 12,000, farar hular tsibirin kuwa wajen 100,000 ko fiye.

Ɗiyar Damagaram:
Sai kuma aka ƙona mata da yara a Hiroshima da bam ɗin nukiliya aka ce don a ceci rai ne.

Tsohon Soja:
'Yata ba ina kare shi ba ne, amma sa kanki a kujerar Truman. Roosevelt ya rasu a Afrilu 1945, kai ka hau, an kawo maka lissafin Okinawa an ce shiga Japan kanta zai ninka haka, kuma ga makami a hannu. Wane shugaba ne zai ce wa iyayen sojoji yana da shi bai yi amfani da shi ba?

Ɗiyar Damagaram:
Baba da girmanka, Japan ta riga ta durƙushe. Jiragen ƙarƙashin ruwa sun yanke mata mai da abinci, a daren 9 ga Maris 1945 kaɗai bam ɗin wuta ya kashe wajen 100,000 a Tokyo. In ma an ce Hiroshima dole ce ranar 6 ga Agusta, Nagasaki fa bayan kwana uku, an ba su lokacin tunani? Eisenhower kansa daga baya ya ce bai ga buƙatarsa ba.

Basakkwace:
Kuma ku tuna ranar 8 ga Agusta Rasha ta ayyana yaƙi a kan Japan, washegari ta afka Manchuriya. Wannan ya sa sunka sallama. Ko can ma mu ne dai.

Ɗan Fagge:
Basakkwace "mu" kuma? Yaushe ka koma Mosko 😂

Malamin Samaru:
Masana tarihi har yau ba su daidaita a kan wanne ya fi nauyi ba tsakanin bam ɗin da shigowar Rasha, don a rana ɗaya labarin Manchuriya da na Nagasaki suka iske majalisar yaƙin Japan, kuma duk da haka ta rabu uku da uku sai da Sarki Hirohito ya sa baki, har wasu hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki a daren 14 ga wata don hana sanarwar. Ranar 15 aka sanar, 2 ga Satumba aka sa hannu a kan jirgin Missouri.

Injiniya:
Bam ɗin ma ai aikin masana'anta ne. Dala biliyan 2, ma'aikata sama da 100,000, aka gina garuruwa sukutum a ɓoye, Oak Ridge a Tennessee da Hanford da Los Alamos, 'yan mata da suka gama sakandare suna zaune gaban na'ura suna murɗa maɓalli ba su san me suke tacewa ba sai da suka ji a rediyo. Truman kansa yana mataimakin shugaba ba a gaya masa ba. Kuma yawancin yuraniyom ɗin farko daga Kwango ya fito, mahaƙar Shinkolobwe a Katanga, wani ɗan kasuwar Beljiyam ya riga ya kwaso sama da tan dubu ya ajiye a wani sito a New York tun 1940, da sojoji suka zo nema ya ce ai yana nan cikin durom-durom.

Ɗan Zango na Bronx:
Su kuma 'yan Kwangon da suka haƙo shi da hannu ba safar hannu ba takunkumi, ban taɓa ganin fim ɗinsu ba.